Da Muguwar Rawa Gwamma Ƙin Tashi: Saita Ƙwaƙwalwar Ƙaramin Jirgi Marar Matuƙi da Gano Cutarta a Kudancin Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ake saita allon da ke tuƙa ƙananan jirage marasa matuƙi masu farfela huɗu, irin waɗanda matasa ke haɗawa da hannunsu, da kuma yadda ake bin diddigin abin da ke kayar da su. An ɗauki yankin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa a matsayin fagen nazari. Abin da maƙalar ta tsaya a kai shi ne, allon ba shi da ido, abin da ma'aunansa suka faɗa masa shi yake gaskatawa, kuma zafi da ƙura da rufin kwano da tsayin itatuwan wannan yanki suna sa ma'aunan nan yin ƙarya ta hanyoyin da littattafan koyarwa na ƙasashen sanyi ba su cika ambata ba.

Jirgin da ya yi dawafi

Wata safiya ce ta hunturu, a filin ƙwallo na wani gari da ke kan hanyar Tiga. Wani matashi mai gyaran waya ya ajiye jirgin da ya shafe watanni yana tara kayansa: firam irin F450, injuna huɗu masu lamba 2212, farfela mai inci 10, rimot ɗin FlySky, sai allon Pixhawk 2.4.8 da ya yi oda ta intanet. Mai wannan maƙala yana wurin, tare da yaran gari da ba a gayyace su ba amma sun riga kowa zuwa.

Jirgin ya tashi lami lafiya. Muddin matashin na riƙe da shi da hannu a yanayin da ake kira Stabilize, babu abin da ya faru. Da ya murɗa makunni zuwa Loiter, wato ya ce wa jirgin ya tsaya cak a wuri ɗaya da kansa, sai jirgin ya ɗan gusa hagu, ya gyara, ya wuce gona da iri, ya sake gyarawa. Kafin a ankara ya shiga kewaye kamar shaho ya ga ɗan tsako, kowane zagaye ya fi na baya faɗi da gudu. A zagaye na biyar ya afka cikin wata ɗorawa.

"Oga, wallahi bod ɗin nan jabu ne," in ji yaron shagonsa, yana tsintar gutsattsarin farfela.

Allon lafiyarsa ƙalau. Da aka zare memorin da ke cikinsa aka karanta, sai aka ga kamfas ɗin jirgin ne ke nuna gabas a inda ba gabas ba. A cikin shago aka saita shi, a kan teburin ƙarfe, ƙarƙashin rufin kwano, kusa da wata tsohuwar lasifika. Sandar da ya kamata ta ɗaga kamfas ɗin sama kuwa an bar ta cikin leda, don mai jirgin ya ga ta ɓata wa jirgin kyau.

Inda allon ya fito

Manhajar da ke cikin wancan allo ana kiran ta ArduPilot. Asalinta ya koma 2007, lokacin da Chris Anderson, editan mujallar Wired a Amurka, ya buɗe dandalin DIY Drones, inda ya haɗu da Jordi Muñoz, wani matashi ɗan Meziko da ke ƙera abin tuƙa jirgi a kan allon Arduino. Su biyun suka kafa kamfanin 3D Robotics a 2009. A ɗaya gefen, Lorenz Meier ya fara aikin Pixhawk a 2008 yana ɗalibi a jami'ar ETH ta birnin Zurich a Suwizalan, kuma daga nan ne aka sami MAVLink, harshen da jirgi ke magana da shi da kwamfutar da ke ƙasa. Allon Pixhawk na farko ya fito kasuwa a 2013. Da yake zanensa a buɗe yake ga kowa, masana'antun Sin suka shiga buga shi da araha, shi ya sa ya iso hannun mai gyaran waya a Bebeji.

A nan akwai tarko ɗaya ga mai sayayya. Har yau ana tallar tsohon allon APM 2.6 da danginsa a farashi mai jan hankali. Manhajar jirage masu farfela da yawa ta daina tafiya da wannan allo tun bayan fitowa ta 3.2.1, don ƙwaƙwalwarsa ta yi ƙanƙanta. Duk gyare-gyaren shekaru goma da suka biyo baya ba su shiga cikinsa. Wanda ya saye shi don araha ya sayi aikin da ba mai taya shi.

Alƙali da shaidu biyar

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar allon ita ce a ɗauke shi kamar alƙalin da ke zaune cikin ɗaki marar taga, shaidu biyar suna shigo masa da labari. Jairo yana faɗin saurin juyawar jirgi. Ma'aunin motsi yana faɗin inda ƙasa take da yadda jirgin ke zabura. Kamfas yana faɗin inda hancin jirgi ya dosa. Baromita, wato ma'aunin nauyin iska, yana faɗin tsayi. GPS kuma yana faɗin wurin da ake a doron ƙasa. Wani lissafi da ake kira EKF shi ke auna maganar kowane shaida da ta ɗan'uwansa, sannan alƙalin ya yanke hukunci, ya aika wa injuna huɗu umarni sau 400 a cikin daƙiƙa ɗaya.

Kowane yanayin tashi yana da shaidun da ya dogara da su. Stabilize jairo da ma'aunin motsi kawai yake buƙata. AltHold ya ƙara da baromita. Loiter da RTL, mai dawo da jirgi inda ya tashi, da Auto, mai bin taswirar da aka zana masa, duk sai da kamfas da GPS. Wannan tsani shi ne makamin farko na mai neman cuta. Jirgin da ya natsu a Stabilize ya haukace a AltHold, a tuhumi baromita ko jijjiga. Wanda ya natsu a duka biyun ya haukace a Loiter, a kama kamfas. Da matashin filin ƙwallo ya san haka, makunni ɗaya zai mayar baya a zagaye na biyu ya sauke jirginsa da hannu.

Aikin tebur

Saitin farko ba wuya gare shi ba, jeri yake so. Ana cire farfela tukuna, kuma wannan ba abin muhawara ba ne, domin farfela mai inci 10 tana tsaga yatsa har ƙashi. A haɗa allon da kwamfuta, a buɗe Mission Planner, manhajar da Michael Oborne ya rubuta, a ɗora wa allon sabuwar ArduPilot, a zaɓi siffar firam. Sai a gwada ma'aunin motsi ta hanyar ajiye jirgin a fuska shida: a zaune, gefen hagu, gefen dama, hanci ƙasa, hanci sama, sannan a rigingine. Daɓen da za a yi "a zaune" a kansa ya zama miƙaƙƙe da gaske. Wanda ba shi da ma'aunin magina sai ya zuba ruwa a faranti ya duba ko ya karkata.

Jerin injuna yana rikita sababbin hannu. A firam mai siffar X, inji na 1 shi ne na gaba dama, na 2 na baya hagu, kuma su biyun suna juyawa saɓanin hannun agogo. Na 3 yana gaba hagu, na 4 yana baya dama, suna bin hannun agogo. Amma shafin gwajin injuna a Mission Planner da haruffa yake kiran su, A, B, C, D, yana farawa daga gaba dama yana zagayawa bi da bi. Duk jirgin da ya kife nan take da an ba shi wuta, ba sai an wahalar da kai ba: ko an sauya wayar injuna, ko an ɗaura farfela a baibai, ko kibiyar da ke kan allon ba ta kallon gaba.

Abin da aka fi tsallakewa shi ne gwajin yankewar rimot. Akwai risiba da dama da in sigina ta yanke sai su ci gaba da maimaita umarnin ƙarshe da suka ji, allon kuwa bai san an rabu ba, jirgi ya yi ta tafiya har batir ya ƙare a gonar wani. Ana saita risiba yadda in ta rasa rimot za ta saukar da lambar maƙura ƙasa da 975, wadda ita ce iyakar da allon ke jira. Sai a gwada a ƙasa, babu farfela: a tayar da injuna, a kashe rimot, a ga abin da zai faru da ido.

Kamfas, shaidan da ya fi saurin karɓar toshiya

Kudancin Kano yana da wata sa'a da ba a cika sani ba. Yankin yana dab da layin da ya raba maganaɗisun duniya biyu, inda ƙarfin maganaɗisun ke kwance kusan daidai da ƙasa maimakon ya soka cikinta kamar yadda yake yi a arewacin Turai. Wannan kwantaccen ɓangaren shi kamfas ke amfani da shi wajen gane alƙibla. Ke nan ƙasar ba ta da laifi. Laifin yana wurin abin da mutum ya kewaye kamfas ɗin da shi.

Rufin kwano, rodin da ke cikin daɓen kankare, ƙofar ƙarfe, babur da aka jingine, makullai da wayar da ke aljihu, duk suna karkatar da shi. Saitin da aka yi a cikinsu saitin ƙarya ne, allon kuma zai riƙe ƙaryar ya tafi da ita sama. Wurin saita kamfas shi ne fili, nesa da falwaya da taransifoma, bayan GPS ya kama, mutum ya ɗaga jirgin ya juya shi har kowace fuska tasa ta kalli ƙasa. A gefen Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza, akwai tsofaffin ƙarafan ma'adinai da ciyawa ta rufe, don haka fili ma sai an dube shi da kyau.

Wannan rabin matsalar ne. Ɗaya rabin yana jikin jirgin kansa. Duk wayar da wuta ke bi tana haifar da maganaɗisu, kuma manyan wayoyin batir na ɗaukar amfiya masu yawa idan an taka maƙura. A ƙasa, injuna na kashe, kamfas na faɗin gaskiya. A sama, wuta ta ƙaru, sai ya karkace. Jirgi ya ga GPS ya ce masa ya gusa arewa, ya yunƙura ya koma kudu, amma da yake alƙiblarsa a karkace take sai ya nufi kudu maso yamma, ya sake gyarawa a karkace, haka har gyaran ya zama kewaye. Maganin shi ne waccan sanda da aka bari a leda, wadda ke ɗaga kamfas ɗin da ke cikin kwanon GPS nesa da wayoyi, sannan a murɗe jar waya da baƙa wuri ɗaya kamar igiya don maganaɗisunsu ya kashe juna. ArduPilot na da gwajin da ke auna wannan kutse: ƙasa da kashi 30 cikin ɗari babu damuwa, sama da 60 sai an sake wa kamfas wuri.

Jijjiga da ƙura

Ma'aunin motsi ba ya bambanta motsin jirgi da karkarwar firam. Farfela ɗaya da ta ɗan ɓantare a baki ta isa ta cika shi da hayaniya. Alamar da ta fi tsoratarwa ita ce jirgi ya yi sama da gudu da zarar an shiga AltHold, ana ja da maƙura baya yana ƙi. A kundin bayanan tashi akwai layin VIBE: ƙasa da 30 lafiya, daga 30 zuwa 60 a sa ido, sama da 60 kuwa kusan kullum matsala ce. Ana ɗora allon a kan soso mai ɗanko ko robobin da aka yi don haka, a tabbatar babu wayar da ta ɗaure shi tamau da firam, don waya mai tauri gada ce ga jijjiga. Farfela kuma a daidaita nauyin fikafikanta da ɗan salatif a gefen da ya fi sauƙi.

A nan ne ƙasar Kano ke shigo da nata. Duk yaron da ya taɓa jan maganaɗisun lasifika cikin yashi ya san baƙin garin ƙarfen da ke maƙale masa. Injunan jirgi cike suke da maganaɗisu, kuma a buɗe suke don su sha iska. Kowane tashi daga kan turɓaya yana tayar da ƙura, injuna su zuƙe, garin ƙarfe ya maƙale, yashi ya shiga boris. Jirgin da ya tashi sumul a watan Oktoba zai iya fara karkarwa a Fabrairu ba tare da ya taɓa faɗuwa ba. Tabarma ko faifan katako a ƙarƙashinsa lokacin tashi da sauka yana rage wannan ƙwarai. Kafin kowace fita a juya kowane inji da yatsa, wanda ya yi ƙaras-ƙaras a ware shi.

Baromita kuwa ɗan mitsitsin abu ne mai rami, yana jin iska, yana kuma jin haske. Rana ta haska shi kai tsaye sai ya ce tsayi ya canza. Ɗan soso baƙi a kansa ya wadatar, amma a riƙa duba shi, don wasu kwafin allon suna zuwa babu shi, wani kuma zafi ya cinye shi ya zama gari.

Zafi da batir

Bebeji tana kimanin mita 500 sama da teku. A ranar bazara da zafi ya kai digiri 40, lissafi ya nuna iskar wurin ta fi ta bakin teku a ma'aunin da masu ƙera farfela ke amfani da shi sirantaka da kusan kashi 13 cikin ɗari. Farfela na samun abin turawa kaɗan, injuna su ƙara gudu, batir ya ƙara zuba wuta, a daidai lokacin da iskar da za ta sanyaya su ita ma zafi gare ta. Jirgin da aka cika wa kaya, wanda da sanyin safiya yake tsayuwa a rabin maƙura, da azahar zai nemi fiye da haka, ya rage masa abin da zai yi kokawa da iska. Shi ya sa ake son ƙarfin injuna gaba ɗaya ya ninka nauyin jirgin sau biyu.

Batirin LiPo yana cika a bolt 4.2 kowane sel, ana ajiye shi a kan 3.8 idan ba za a yi aiki da shi ba, kuma bai kamata a matse shi ƙasa da 3.5 a sama ba. Ga batir mai sel uku, wannan ne bolt 10.5 da ake sa wa allon a matsayin iyakar da zai juyo gida. Sai dai allon ba ya sanin bolt sai abin da na'urar raba wuta ta faɗa masa, kuma masu araha sukan yi kuskure. A auna batir da mita, a gyara lambar a Mission Planner har su zo ɗaya. Mai gyaran waya ba ya rasa mita.

Caji kuma wani babi ne. Cajojin da ke daidaita sel, irin su iMAX B6, suna karɓar wuta kai tsaye daga batirin mota ko na sola mai bolt 12, kuma wannan ya fi kwanciyar hankali a kan wutar ƙaramin janareta mai hawa da sauka. Batirin da ya kumbura ya gama aiki. Wanda ake caji a sa shi cikin tukunyar ƙasa, da bokitin yashi a kusa, ba a kan katifa ba. Barin sa cikin but ɗin mota a rana, ko a jakar da aka rataya a babur a bakin kasuwa, yana kashe shi tun bai yi tashi ashirin ba.

Mita 15 da giginya

Idan rimot ya yanke ko batir ya yi ƙasa, jirgin zai hau zuwa tsayin da aka rubuta masa, ya miƙo gida kai tsaye. Tsayin da manhajar ke zuwa da shi mita 15 ne. Giginya takan wuce mita 20, babbar ɗorawa takan kai hakan, turken kamfanin waya kuma ya fi su duka. Jirgin ba ya ganin ko ɗaya. Wanda zai yi tashi a gonakin Ƙiru ko Tudun Wada, inda manoma ke barin ɗorawa da kaɗanya a tsakiyar gona, sai ya dubi abin da ya fi komai tsawo a wurin ya ƙara mita goma a kai.

A Doguwa abin ya fi haka. Tsayin da baromita ke ƙirgawa daga inda aka tashi ne. Jirgin da aka ce ya bi layi a mita 50 daga gindin tudu zai daki tudun yana ganin kansa a mita 50. ArduPilot na iya bin hawa da saukar ƙasa ta amfani da bayanan da kumbon Endeavour ya auno a Fabrairun 2000, amma sai an sauke bayanan da hoton taswirar tun ana inda sabis ke da ƙarfi, don a bayan dajin Falgore ba a dogara da intanet.

Dam ɗin Tiga, wanda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwansa ya mamaye kimanin murabba'in kilomita 178, kuma ba mai kyamara da zai gan shi bai yi kwaɗayi ba. Abu biyu ne ke cin jirage a irin wannan wuri. Na farko iska: da hunturu daga arewa maso gabas take busowa, wanda ya bi ta ya tafi zai ga tafiya ta yi daɗi, dawowa kuma batir ya ƙare a kan ruwa. Ana fara tunkarar iska ne, a dawo tana turowa. Na biyu tashi daga kwale-kwale. Jairo na saita kansa ne a 'yan daƙiƙoƙin farko bayan an haɗa batir, kuma yana buƙatar jirgin ya tsaya cik. Ga shi kuma wurin da jirgin ya rubuta a matsayin gida ruwa ne, kwale-kwalen ya riga ya gusa.

Kusancin nan da layin maganaɗisu da ya taimaki kamfas yana da nasa haraji a kan GPS. A ƙasashen wannan ɗamara, bayan faɗuwar rana, saman sararin samaniya yakan rikice ya riƙa wargaza siginar taurarin ɗan'adam, musamman wajen Maris da Afrilu, da Satumba da Oktoba, kuma abin yana tsananta a shekarun da rana ke kan ganiyarta, kamar wadda hukumomin NASA da NOAA suka sanar an shiga a Oktoban 2024. Mai ɗaukar bidiyon biki da ke son hoton fitilu bayan magariba ya san cewa a lokacin ne shaidansa na biyar ya fi rauni.

Jirgin da ya ƙi tashi

Kafin allon ya yarda ya tayar da injuna yakan binciki shaidunsa. Idan kamfas biyu sun saɓa, ko lambar ingancin GPS da ake kira HDOP ta haura 1.4, ko wutar da ke shigar masa ta fita daga tsakanin bolt 4.3 da 5.8, sai ya ƙi, ya rubuta dalili a fuskar kwamfuta. A nan ake gane mai haƙuri. Jama'a sun taru, ango na jira, sai wani ya tuna ya ga bidiyon da aka ce a mayar da ARMING_CHECK sifili. Jirgin zai tashi kuwa. Amma ciwon da ya sa ya ƙi yana nan, an dai toshe bakin mai faɗa ne. A ra'ayin mai wannan maƙala, babu lambar da ta kai wannan cin kuɗin matasa a cikin dubban lambobin manhajar. Hausawa sun riga sun yanke hukunci a kan irin wannan: da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Haka nan AutoTune, yanayin da jirgi ke karkata kansa hagu da dama don ya koyi nauyin jikinsa. Ba ya gyara jijjiga, ba ya gyara kamfas. Ana yin sa ne bayan AltHold ya zauna daram, a iska mai kwanciya, wadda a wannan yanki ba a cika samun ta ba sai da sassafe, kafin rana ta ɗaga guguwa ta fara yawo a fili.

Idan kuma an faɗi, memori ne abin fara nema, ba farfela ba. A ciki za a ga abin da matuƙi ya nema da abin da jirgi ya yi, layi biyu a kan juna. Inji ɗaya ya haura iyaka shi kaɗai yayin da na kishiyarsa ya sauka: wannan injin ko na'urar ESC mai sarrafa gudunsa ce ta mutu. Rubutu ya yanke tsaf jirgi na sama: wuta ce ta ɗauke wa allon, a binciki dalma. Masu gyaran waya na Farm Centre da Beirut Road a birnin Kano sun riga sun mallaki rabin wannan sana'a, wato hannun dalma da bin layin wuta. Karatun zanen nan ne ya rage.

Hukuma da maƙwabta

Tun watan Mayun 2016 hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama ta hana tayar da jirgi marar matuƙi a Nijeriya sai da izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, kuma dokokinta na 2023 sun ware wa irin waɗannan jirage sashe na 21. Ƙa'idar tsayi ƙafa 400 ce, kimanin mita 120. Madatsar ruwa da dajin Falgore, inda sojoji ke atisaye, ba wuraren gwajin sabon jirgi ba ne. Ba kuma baƙon abu ba ne jirgi marar matuƙi a wannan shiyya: tun 2022 kamfanin Zipline ke aika magunguna daga Pambeguwa a Jihar Kaduna, can kudu da iyakar Kano. Amma mutanen karkara suna tune da Tudun Biri, inda jirgin soja marar matuƙi ya hallaka masu Mauludi a Disamban 2023. Ƙugin farfela a saman ƙauye ba wasa ba ne a kunnen wanda ya ji wancan labari.

Akwai kuma abin da littafin koyarwa na waje ba zai kawo ba. Gidan Bahaushe katangarsa ce sirrinsa, tsakar gida a buɗe take ta sama, makewayi ma sau da yawa ba rufi. Kyamara a mita 30 ta ketare zaure ba sallama. Manhajar na da shinge da ake kunnawa, wanda ke zuwa da nisan mita 300 daga inda aka tashi da tsayin mita 100, ana kuma iya zana masa wuraren da jirgi ba zai shiga ba ko da matuƙi ya tura shi.

Matashin filin ƙwallo, bayan ya sayi sababbin farfela ya ɗaura sandar kamfas, da wannan shinge ya fara. Ya ɗauki kwamfutarsa ya tafi ƙofar gidan mai unguwa, ya durƙusa ya gaishe shi, ya buɗe masa hoton garin daga sama.

"Ranka ya daɗe, so nake a nuna mini inda ba a so ya bi."

Mai unguwa ya daɗe yana kallo kafin ya gane masallacin Juma'a, daga nan sauran suka fito masa. Ya sa yatsa ya zagaye unguwar gabas gaba ɗaya, da makarantar Islamiyya ta matan aure, da maƙabarta. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ƙara da wani gida guda a bakin rafi, bai faɗi dalili ba, ba a kuma tambaye shi ba. Abin da ya rage wa jirgin shi ne filin ƙwallo da fadamar da ke yamma da shi, har zuwa ɗorawar da ta karya masa farfela, wadda yanzu aka rubuta tsayin komawa gida mita 35 saboda ita.